Zabira

Hannuna a kan gwiwa lafiya lau yake,
kamar bai san komai ba.
Sai na ɗaga aska ya tuna.

Ran Talata, a rumfata ta Ƙofar Marusa,
na yanki kunnen Alhaji Nalado.
Jinin bai kai ƙwayar gero ba.
Ya ce ba komai.
Bai dawo ba.

Haka babana ya ƙare,
fura na riga ludayi isa gemu.
Muka ce tsufa, maƙwabta suka ce sammu.
Ni hamsin da uku gare ni.

Likita Hindatu ta miƙo biro:
"Zana mini naɗin gammo."
Na zana mata haƙoran zarto.
Ta ce karkarwa ce ta gado,
ba ta kisa, ba ta barin gida,
sai dai a lallashe ta.

"Kana da asma?" Babu.
Ta danna jijiya ta ƙirga bugu,
ta rubuta ƙwayar masu hawan jini.
In ta gaza, akwai ta masu farfaɗiya,
kaɗan-kaɗan da dare,
mai zuwa da jiri da nauyin ido.
Akwai allura a tsokar hannu,
ta kwantar da rawa wata uku,
ta tafi da ƙarfin riƙo.
Na ce wanzami ba riƙo ai ɗan kallo ne.

Can ƙarshe akwai aiki a ka:
siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa,
batir a ƙirji ƙarƙashin fata,
ko sautin da kunne ba ya ji
ya ƙona ɗigo guda ba tsaga.
Ba tsaga! Na yi dariya.
Da ta faɗi nisa da kuɗin, na daina.

"Goro nawa a rana?"
Na ce uku.
Uwani ta yi tari a bayana.
Na ce bakwai.

Yau wata biyu.
Goro ya koma ɓari, shayi ya koma kunu,
cokalina mai nauyi ne, kofi rabi nake cikawa.
Rawar ta ragu, ba ta tafi ba.
Aski ina yi, da hantsi,
ƙaramin yatsa jingine da ƙeya.
Kaciya da belu na bar wa Tanimu.

Jiya na ba shi zabirar kakansa.
Ya ɗauki moɗa zai sha ruwa,
ni kuwa ba fuskarsa nake kallo ba.