Lofen Sarja Arzika

Ranar Lahadi, kasuwar Tawa ta cika ta batse,
ina rumfata tsakanin matattun agogai
da fitilun da ba mai tambayarsu,
sai ga Sahiya da ƙulli a bakin zane.
Ta kwance. Lofe ne.
Ta ce, "Baba Nomau, na mahaifina ne,
ya ce wani kaftin ya ba shi a yaƙin Hitila.
In gaskiya ne, nawa zai yi?"

Na ce zauna, ɗiyata.
Tsohon abu ba ya son a yi masa tambaya a tsaye.

Na auna shi a tafin hannu, ba nauyi.
Wannan icen ba namu ba ne,
ba gawo ba, ba kalgo ba, ba aduwa ba.
Saiwa ce ta wani ɗan kurmi mai fita a duwatsu
can bakin teku, inda ƙasa ke rowar ruwa.
Wuya ce ta murɗe ta, shi ya sa wuta ba ta cin ta.
Na shafa masa yawu, zanensa ya fito,
gefe guda kamar harshen wuta,
gefe guda kamar idon zabi.

A wuyansa akwai hatimi, rabi ya tafi da gumi.
Harafi uku suka rage, na huɗu sai dai zato.
Na karkata shi ga rana:
ga sawun magagari, bai daidaita ba.
Inji ba ya irin wannan kuskure,
hannu ne, kuma hannun da ya gaji wajen la'asar.

Bakin baƙar roba ce da ta koma ruwan ganye.
Na goga da yatsa har ta yi zafi, na sunsuna,
warin ƙibiritu.
Robar yanzu ba ta tsufa, ba ta wari.
Ramin hayaƙin kuma zagaye yake kamar ƙwayar gero,
na baya-bayan nan tsaga suke yi.
Na murɗa a hankali, mahaɗinsa ƙashi ne.
Na ce, "Sahiya, wannan ya girmi yaƙin.
Ya girmi ubanki.
Ko kaftin ɗin, in akwai shi, gado ya ci."

Zoben azurfar nan dai namu ne.
Ƙarƙashinsa tsaga ce, ya taɓa faɗuwa,
wani maƙerin Abzinawa ya ɗaure shi
ya bar ɗigonsa uku a gefe.
Ta yi dariya. "Ni na yar da shi, ina shekara biyar.
Har yau ina jin marin."

Da na tsaya nan.
Amma madubin idona ya kai ni ga haƙora.
Ga babban rami a hagu, mai zurfi, ya yi baƙi,
cizon soja mai magana da lofe a baki.
Sai ga wasu a dama, ƙanana, sababbi,
ko launin taba babu a cikinsu,
da ƴar giɓi a tsakani.
Na leƙa tukunyar: toka ta daɗe da sanyi.
An riƙe shi a baki shekaru, ba a kunna ba.

Na ce, "Wa ke da wushirya a gidanku?"

Ba ta amsa ba.
Wani mai albasa ya wuce da jaki yana neman hanya.
Can ta ce, "Inna ba ta taɓa shan taba ba.
Ita ke korarsa zaure in ya kunna."
Na ce shekara nawa ta yi bayansa?
Ta ce, "Shida."

Na faɗi kuɗin, jikka talatin, kuma ban rage ba.
Ta dube ni kamar na yi wani yare.
Ta nannaɗe shi, ta ƙulla, ta sake ƙullawa,
ta sayi batir biyu da ba ta zo saye ba,
ta shiga layin masu gishiri.

Yatsana ya yini yana warin ƙibiritu.