Bakin Majigi

Ni ne Aniello, mai tsani da bokitin ƙullu,
ni ke liƙa gobara a bangayen Torre del Greco.
Takardar ta fi ni tsawo:
ginshiƙai na zubewa, zaki ya tsinke sarƙa,
wata mai jan mayafi ta ɗaga hannu sama,
bayanta dutse na amai.

Majigin bebe ne, ni ne bakinsa.
Ku zo! Soldi shida kacal!
Birnin mutanen da, wanda toka ta haɗiye dare ɗaya!
Mutum dubu a fage guda, gani ya kori ji!
Maigida ya ce in ce dubu uku.
Na ce dubu uku.

Sai dai in na juya wa bango baya
ga na gasken can bisa rufinmu,
yana busa hayaƙinsa kamar tsohon da ya ƙoshi.
Shekara bakwai ke nan da muka kwashe tokarsa da shebur.
Rufin ƙanena bai jira shebur ba.

Nunziata mai lemon tsami ta tsaya gindin tsanina,
ta ƙare wa mai jan mayafi kallo.
Ta ce, Aniello, ba ka da ta ido,
abin da aka ba ni kyauta za ka sayar mini?

Ran Asabar sai ga ta a layin gaba,
kwando a cinya.
Mai piyano ya danne maɓallan hagu har benci na rawa.
A kan farin ƙyalle mutane na gudu,
baki a buɗe, ba ko uffan,
dutsen kwali na tofa hayaƙi,
wani sojan Rum ya mutu, ya ɗaga kai ya duba, ya sake mutuwa.
Yara suka kwashe da dariya. Ita ko gezau.

A bakin ƙofa ta kama hannun rigata.
Ta ce, gudun nan ƙarya ne, ba mai gudu cikin toka,
ƙafa nutsewa take.
Amma ka ce wa mai piyano ya bari.
Shirun nan suka gane.
Ran nan ko ƙararrawar coci
kamar an naɗe ta da bargo.

Litinin aka kawo sabuwar takarda daga Torino,
wannan karon teku ce ta ci wani birni.
Na dama ƙullu na hau tsani.
Masunta na wucewa da taru a kafaɗa,
na buɗe baki zan yi shela,
sai na bari suka wuce tukuna.