Caji a Bakin Eleko

Motar Madam Abike gida ce mai taya huɗu:
gado a ciki, firji, famfo, har da labule.
Gab da magariba wutar ɗakin ta ɗauke a bakin tekun Eleko.
Fanka ta yi juyi biyu, ta tsaya.
Kifin firji ya fara gumi.

Aka ce, ina Jibo?
Ni ne Jibo. Ni ne direba, ni ne makanike,
in dare ya yi kuma ni ne maigadi.

Na sauko da ɗan janareta ja,
nauyinsa bai kai buhun gari ba,
na kai shi can bayan kwakwa, taku ashirin,
na juya bututunsa ya kalli ruwa.
Hayaƙin nan ba ya sallama.
Ta taga yake shiga, ya sami mai barci ya ƙara masa.
A Agege mun wanke mutum uku ranar Talata ɗaya,
tun daga nan nake ƙirga takuna.

Ja ɗaya, ya yi tari.
Ja biyu, ya yi shiru kamar mai bin bashi.
Na uku ya kama.
Na bar shi ya huce fushinsa, muryarsa ta daidaita,
sannan na ba caja.

Kan batir ya yi furfura, gishirin teku ya ci shi.
Na goge da ruwan zafi da tsohon buroshi.
Jan baki ga ƙari, baƙin baki ga ragi.
Wanda ya koya mini, Malam Tanimu na Idi-Araba,
yatsunsa huɗu da rabi,
bai taɓa maimaita wannan karatu sau biyu ba.

Kolawole, ɗan Madam, ya tsuguna kusa da ni.
Yaushe zai cika?
Na ce, ka san ƙasar da ta sha rani?
Ruwan farko haɗiye shi take, ko laima ba ka gani.
In ta kusa ƙoshi sai ta koma kurɓa.
Haka allurar nan za ta yi.
Ƙarshen cika ya fi farkonsa cin mai.
Ya yi hamma, ya tafi.

Na zauna da jarka tsakanin ƙafafuna.
Lita huɗu, kuɗin cefanen gidana na kwana biyu,
tana zama sanyi a ɗakin wasu.
Ban ce komai ba. Teku ma magana ɗaya yake ta yi.

Can cikin ruwa jirage sun yi layi suna jiran Apapa,
kowanne da wutarsa kamar unguwa.
Na laluba aljihu, na ɗauko wayata, ta mutu tun azahar.
Akwai rami guda da ba kowa a jikin janareta.
Na soka.

Ƙarfe ɗaya allura ta kwanta.
Na kashe inji, na cire baƙi, na cire ja.
Shirun ya faɗo mini a kunne.
Daga cikin mota fanka tana juyi, wani yana minshari.

Wayata ta farka da saƙo daga Hansatu:
yau kwana shida ba a kawo wuta ba,
yara suna barci a tsakar gida,
in za ka dawo ka taho da kyandir.