Kashi Uku

Ina ɗan shekara sha huɗu
Malam Ramalan ya ɗora ni kan keken ɗinki
a shagonsa na Tudun Wada, kusa da mai gyaran agogo.
Kafin in iya sa zare a allura
sai da ya koya min raba naira.
Kashi uku, in ji shi, yana buga almakashi a tebur:
ɗaya na ciki, ɗaya na zare,
ɗaya na ranar da ba ta sallama.

Ya saya min littafi mai shuɗin bango.
Ko goro na ɓantara da kuɗina, sai na rubuta.

Shekara goma sha tara, littafi bayan littafi.
Adashen Asabar. Ɗinkin Sallah har kiran assalatu.
Babur ɗin da na yi ta kallo a Sabon Gari ban taya ba.
Asabe tana haƙuri da ɗaki ɗaya a Gyallesu,
tana tara ɗigar rufi a roba
duk daren da damina ta tuna da mu.

Ranar Talata dillali ya kira ni:
akwai gida a Tukur-Tukur, banki zai yi gwanjonsa,
ɗaki huɗu, rijiya, har da gwaiba a tsakar gida,
arha kamar tumatirin bakin Galma in ya yi yawa.
Ban tambayi na wane ne ba.
Mai ƙishi ba ya tambayar wa ya haƙa rijiya.

Sai da na sha kwanar masallaci
na ga jan fenti a katanga,
na ga ƙofar da na sha kai cefane,
wadda sai ka ɗaga ta kaɗan take buɗewa.

Ashe takardar gidan ya miƙa
don Sa'idu, ɗansa na fari, ya ci bashi,
ya jibge masara buhu ɗari shida a Giwa
yana jiran tsada.
Tsada ba ta zo ba, gunda ce ta zo.
Kuɗin ruwa kuwa ba ya barci,
ba ya azumi, bai san Juma'a ba.

Ma'aikacin kotu ya karanta takarda cikin sauri.
Ɗan sanda guda yana hamma.
Maƙwabta sun tsaya nesa-nesa
kamar jana'izar da ba a fito da gawa ba.
Malam na kan benci a zaure,
hularsa a daidaice, kamar kullum.

Miliyan sha ɗaya.
Sha ɗaya da rabi.
Ni sha uku na zo da su, har da ɗoriya,
amma hannuna ya zama dutsen guga.
A sha biyu ƙararrawa ta buga
ga wani yaro mai waya a kunne,
yana ciniki da bakin wanda bai taɓa ganin gwaibar ba.

Da jama'a ta watse ya yafito ni.
Tanimu, nawa ka zo da shi?
Na faɗa masa, ina kallon takalmina.
To me ya riƙe maka hannu?
Na ce, kunya, Malam.
Ya jima yana duban katangar.
Kunya, a wane kashi take? in ji shi.
Ni tausayi ya ci ni, kai kunya ta ci ka.
Da kai ne, da na san
wanda zai riƙa ba bishiyar nan ruwa.

Da dare na buɗe littafin.
Layi biyu ne tun asali: abin da ya shigo, abin da ya fita.
Na rubuta ɗari shida, kuɗin mota zuwa da dawowa.
Sauran na rasa layin da zan sa shi.
Asabe ta matsar da robar,
don hadari ya haɗo ta wajen Kufena.