Abin da Na Gani a Ɗakin Ige

Shekara talatin da huɗu ina yankan cibi a Achida,
hannuna ya san hanya ko da fitila ta mutu.
Daren Laraba jinjiri ya faɗo da kuka mai ƙarfi,
na ɗaga shi ga haske, na duba,
na sake dubawa,
guɗa ta maƙale mini a wuya.

Daga bayan zana Modi ya ce,
"Inna, mi muka samu?"
Na ce, "Mai rai. Kawo ruwan zafi."

Kafin hantsi zance ya kai bakin rijiya.
Wata ta ce aikin iska ne,
wata ta ce Ige ta tsallake toka da tsakar rana,
wata ta kare baki da mayafi ta ce mata-maza,
kamar kalmar za ta ƙona ta.

Malam Haliru bai ce iska ba.
Ya zaro tsohon littafi daga gafaka, ya aza yatsa:
"Ga babinsa nan. Hunsa.
Magabata sun yanka masa rabon gado.
Wanda aka ajiye wa kaso, ai an san da zuwansa."

Muka shiga motar Sakkwato da zane uku da gorar kunu.
Likitar ba ta girmi jikata ba.
Ta juya kati, ta ja layi da biro:
"A farkon ciki kowa hanya ɗaya ya biyo,
sai gaba take rabuwa.
Wani jikin yakan yada zango a mararraba.
Za mu ɗibi jini, mu leƙa ciki da na'ura.
Abin gaggawa gishirin jiki ne, kada ya tsiyaye.
Sauran kuwa, kada wanda ya yi saurin zaro aska."

Wanzami ya ji haushi. Ya huce.

Ranar suna sakamako bai fito ba.
Rago a ɗaure, goro a faranti, liman yana jira.
Modi ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa,
sannan ya duƙa ya raɗa: Kyauta.

Yau wata biyar.
Ana tare ni a hanyar kasuwa:
"Inna Tumba, wai shi ne ko ita?"
Harshenmu tabarma biyu ya shimfiɗa,
ni ban yi gaggawar zaunar da kowa ba.
Nakan shiga gidan in kira sunan kawai,
Kyauta kan saki nono
a waiwayo, a yi mini dariya da dasashi.