Inabin Kawu Arzika

Shekara huɗu Kawu Arzika ya yi a Faransa
yana tsinkar baƙin inabi a gangaren tudu,
inda sanyi ke cizon yatsa tun kafin rana ta leƙo.
Fino Nuwa, in ji shi, sunan irin:
fatarsa ba ta kai bawon albasa kauri ba,
ga saurin fushi, ruwa ya yi yawa ya ruɓe,
rana ta yi yawa ya yanƙwane.

Mai gonar, wani tsoho mai jan hanci,
kan tsiyaya a kofi, ya shinshina, ya ce
wannan na tudun gabas ne, wancan na bakin rafi.
Kawu bai taɓa kurɓa ba.
Amma ya gane zancen,
don shi ma ko a duhu yana bambance
shinkafar Kwalkwalawa da ta Wurno.

Reshe guda ya dawo da shi cikin safa.
Ya dasa bayan ɗaki a Gidan Igwai,
ya yi masa rumfar zana,
yana ba shi ruwan randa kafin shi ya sha.
Bazara ta ƙone ganyen fari.
Akuya ta cinye na biyu.

Shekara ta uku, 'ya'ya goma sha ɗaya.
Ya tara mu, ya raba ɗai-ɗai.
Tsami har kunne!
Inna Kulu ta tofar, ta ce gara tsamiya.

Kawu ya tauna nasa a hankali, ido rufe.
Can ya ce, "Ba irin na can ba ne.
Wanga ɗan Sakkwato na."