Asuba a Titin Foleshill

Ƙarfe huɗu da rabi nake shiga,
ni da bokitina da tsumma.
Coventry na barci ƙarƙashin yayyafin nan nata
da ba ya cika kwata, sai dai ya ratsa ƙashi.

Gidan caca ne, ba zan kewaya ba,
irin wanda ba a kashe masa fitila.
Ina goge zanen yatsu daga gilashin injuna,
ina kwashe abin da dare ya tauna ya tofar.

Ran Juma'ar da ta wuce,
a ɗakin da muke haya saman shagon darduma,
Malam Hayatu ya ce albashin gidan haram
garwashi ne a cikin hanji.
Bai kira suna ba.
Muryarsa dai ta tsallako labulen mata
ta zauna a cinyata,
har Gambo ta ja gefen mayafinta daga nawa.

Yau ga mutum a inji na bakwai, can lungu,
ya ja hular sanyi har gira.
Da takalmin na fara gane shi,
mai ɗinki a dunduniyar hagu,
wanda ke kwana a sahun farko na kantar masallaci.
Sai tabon sujada
da shuɗiyar wuta ke haskawa tana ɗaukewa.

Babban yatsan da ke jan carbi
shi ke danna maɓalli, da saurin da ya saba.
Leɓɓansa na motsi. Na matsa da tsintsiya in ji.
Wallahi istigfari yake yi.

A gefen kofin shayi, ambulan a yage.
Gudummawar gini, fam ashirin.
Rubutun hannuna ne.

Sai wayarsa ta ɗauki kiran salla daga aljihu,
Allahu akbar a tsakiyar ƙarar tsabobi.
Ya daddafe ƙirji kamar mai kashe gobara,
ya ɗago, muka haɗu a cikin gilashi.

Na jira ƙarya.
Ya ce: Lantana, wata bakwai ke nan da suka sallame ni.
Maman yara ba ta sani ba.
Kullum tana ɗaure mini abinci,
ina ci a tashar bas.
Na taɓa kuɗin sau ɗaya don haya,
na zo nan in mayar,
ramin ya yi ta cin ƙasar da nake zuba masa.

Gemunsa na rawa.
Na so in ji daɗi. Na lalubi daɗin ko'ina ban same shi ba.

Don ni ma a Funtua
akwai hotona a bangon ɗakin Inna,
da farar rigar asibiti ta aro,
tana nuna wa baƙi: ga 'yata, tana jinyar Turawa.
Laifi tudu ne, na sani,
amma nawa ban taɓa hawa kansa na yi wa'azi ba.
Wannan na riƙe. Shi kaɗai.

Na ce: Malam, ɗaga ƙafa in share.
Ya ɗaga.

Juma'a ta sake zagayowa.
Ya yi magana kan amana, muryar ba ta girgiza ba,
sai wuri ɗaya, inda ya tsaya ya nemi ruwa.
Mutane suka ce tsoron Allah ne ya shaƙe shi.
Wataƙila ma shi ne.
Na ce amin tare da kowa.

Ban faɗa wa Gambo ba.
Ban sani ba ko rufin asiri nake yi
ko kuwa nawa nake gadi.
Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Amma fam ashirin na wannan wata
ban sa a ambulan ba.
Fenti na sayo, gwangwani guda,
na hau da shi bene da kaina.